Ma'aunin Duniya A Wani Ajin Mata Na Ƙasar Ɗambatta

Wanda ya bar Kano ya kama hanyar Ɗambatta a ƙarshen damina, da wuya idonsa ya faɗa kan daji. Gona ke bin gona, gero da dawa da wake duk a fili ɗaya, gawo da ɗorawa tsaye a tsakani, ba ka gama wuce wani ƙauye sai ka hango rumbunan na gaba. Ƙasa ce da aka daɗe ana noma ta ba hutu, taki da gumi ke riƙe da ita.

Rakiya na je yi wa wata ƙawata mai koyar da matan aure a ajin yaƙi da jahilci, a wani ƙauye da ke gefen hanya. Irin wannan aji ba baƙo ba ne a nan, domin tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya. Bayan La'asar matan suka hallara a ajin firamare, wasu da goyo, suka zauna a kan bencin 'ya'yansu.

Ranar ƙawata ta zo musu da abin da ba su saba ji ba: jerin ƙasashen da Dandalin Tattalin Arziki na Duniya, mai taro a Dabos ta Suwizalan, ke fitarwa tun 2006. Yana auna tazarar da ke tsakanin maza da mata a wajen neman kuɗi, ilimi, lafiya da siyasa. Ta rubuta a allo cewa a 2023 Najeriya ce ta 130 cikin ƙasashe 146, Aislan ce kan gaba, Ruwanda kuwa, da mata suka haura kashi 60 cikin ɗari a majalisar wakilanta, tana cikin ashirin na farko.

Ajin ya yi tsit. Can wata dattijuwa ta gyara mayafi ta ce, "Malama, su masu ƙirgar nan sun shigo cikin gida sun ga turmina? Man gyaɗa da ƙuliƙulin da na aurar da 'ya'ya uku da su, a wane layi suka sa?"

Tambayar ba ta wasa ba ce. Tun 1969 Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa, ta rubuta kan kasuwar ɓoye ta matan Hausawa, cinikin da ake yi a bayan katanga ta hannun yara masu talla. Mai ƙidayar da ya tsaya a zaure yana tambayar maigida, sau da yawa amsar da zai samu ita ce "ba ta aiki". Sannan ma'aunin tazara kawai yake aunawa: ƙasar da maza da mata suka yi kunnen doki a talauci tana iya samun maki mai kyau.

Na zaci nan Malama za ta naɗe takardarta, kamar yadda da yawanmu kan yi mu ce lissafin Turawa ne. Ba ta yi ba. Ta ce, "Inna, kin yi gaskiya. To mu yi namu ƙirgar." Ta sa kowace mace ta faɗi 'ya'yanta maza da suka gama sakandare, sannan mata. Wadda ta fi iya alli ta fito tana jan layi biyu. Na maza ya yi ta tsawo, na mata ya tsaya da wuri, ba wanda ya ce uffan. Ta sake tambaya ko sun san mata nawa ne a cikin 'yan majalisar dokokin Kano 40 da aka zaɓa a 2023. Babu ko ɗaya. Wannan kam ba wani baƙo ne ya ƙirga mana ba.

A ganina amfanin irin wannan jeri a ajin manya ke nan, ya tsokano tambayar da ɗalibai za su amsa da alƙaluman gidansu. In haddace lamba ce kawai, me 130 za ta tsinana wa matar da ba ta iya karanta takardar asibitin ɗanta ba? Jajin da Nana Asma'u ke turawa ƙauyuka su koyar da 'Yan Taru ma da harshen mata da damuwarsu suke farawa.

Da aka kira Magariba muka fito. Dattijuwar ta biyo mu har bakin mota da ƙullin ƙuliƙuli, ta ce wa ƙawata mako mai zuwa ta koya mata rubuta bashin da take bin mutane, domin jikar da ke riƙe mata lissafi za ta koma makaranta.