Gidan gandu da ɗakin haya

A Gwashi ta ƙuruciyarmu ba a ƙirga 'ya'ya. In aka tambayi tsohuwa nawa ta haifa, sai ta ce Allah ya yi albarka, ta kau da zancen. Har da kunya a ciki, amma kuma lissafin ne ke da ciwo: ƙyanda da sanƙarau da zazzaɓin damina sun ɗebi rabonsu a kusan kowane ɗaki. Shi ya sa muka taso da su Ajuji da Barau, 'ya'yan wabi da aka raɗa wa suna don mutuwa ta raina su ta wuce.

Duk da haka gida cike yake. Gandu na son hannuwa, daga shuka har sussuka, kuma yaro ba na uwarsa kaɗai ba ne. Ranar yaye kaka ke ɗauke shi, wani ma gwaggo ta riƙe shi har aure. Tazarar haihuwa kuwa akwai ta tun kafin asibiti ya sa mata suna: goyo shekara biyu, wadda ta yi kwanika ta sha gorin kishiyoyi.

Kawunmu da ya tafi cin rani Legas ya zauna can, ya haifi huɗu ya tsaya. Kaka ta tsare shi: "Ɗan nan, lafiya dai?" Ya ce, "Inna, ɗaki ɗaya ne, kuma na haya." Ba ƙin 'ya'ya ya yi ba. A can kuɗin makaranta da na asibiti kai-kai ake biyansu, babu rumbu, babu gwaggo a bayan katanga. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Legas 3.4 ne, a yankinmu na Arewa maso Yamma 6.6. Haka ta faru da Yahudawan da suka bar Gabashin Turai zuwa Amurka tsakanin 1881 da 1924: iyaye sun sauka da zuri'a mai yawa, 'ya'yansu haifaffun can suka tsaya a biyu ko uku.

Kawu dai da ƙafarsa ya tafi. Yanzu 'yan bindiga ne ke tayar da ƙauyukanmu na Bukkuyum da Anka da Gummi, bayan gubar dalma ta 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a yankin. Matan da suka gudo Gusau suna haihuwa a kangaye da gidajen aro, kakar da za ta karɓi yaye tana wani gari, gonar da za ta ciyar da yaron kuma ba ta nomuwa.