Sayen Babbar Mota ta Hannu: Tsarin Amurka da Tsarin Ƙasar Hausa

Babbar salun ita ce motar shiga mai ƙofa huɗu da but dabam, wadda ta fi sauran irinta tsawo da faɗi, har manya uku su zauna a baya ba tare da matsi ba. A Amurka hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, ita ke raba motoci aji-aji bisa girman cikinsu, kuma salun tana shiga ajin manya idan wurin zama da but, a haɗe, suka kai ƙafa 120 a ma'aunin kubik. Cikin wannan aji akwai Toyota Avalon, Chevrolet Impala, Ford Taurus, Ford Crown Victoria, Chrysler 300, Dodge Charger da Buick LeSabre. Yawancinsu injin mai silinda shida ko takwas gare su, ga laushin tafiya a doguwar hanya, ga kuma shan mai daidai girmansu.

A Amurka kasuwar wannan aji ta ja da baya, domin masu saye sun koma kan jif-jif da motocin a-kori-kura. An daina ƙera Crown Victoria a 2011. Kamfanin Ford ya sanar a 2018 cewa zai bar yin salun don kasuwar Arewacin Amurka, Taurus ta ƙarshe ta fito a 2019, Impala ta bi ta a 2020, Avalon a 2022, Chrysler 300 kuma a ƙarshen 2023. Yawanci abin da ya rage wa mai son irin wannan mota shi ne ta hannu, kuma da yake masu nemanta sun ragu, kuɗinta kan faɗi da sauri. Galibi dattawa ne suka saye ta sabuwa, mutanen da ba sa gudu kuma ba sa wasa da ranar juye, don haka ake yawan samun mai lafiya a kuɗi kaɗan. Ɗalibi ko sabon ma'aikaci na iya hawan Buick don araha kawai, ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi.

A Kano, Kaduna ko Maraɗi lamarin ba haka yake ba. Babbar mota motar manya ce, kuma kafin ta iso kuɗin jirgi da na kwastam da canjin dala sun riga sun hau kanta. Kasuwa ta raba motocin hannu gida biyu: wadda aka shigo da ita ba a taɓa hawa a gida ba, wato tokumbo ko Beljiyam, da wadda ta riga ta sha hanyoyin gida. Ta farko ta fi daraja, ko da a can inda ta fito ba a ɗauke ta da wata ƙima ba. Motocin Amurka sun dace da Najeriya da Nijar saboda sitiyarinsu a hagu yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. Suna shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Legas da na Kwatano, daga Kwatano kuma a da sukan haura arewa ta Malanbil da Gaya zuwa Nijar.

Babban bambancin yana wurin abin da ake fara dubawa. Ba'amurke takarda yake fara karantawa kafin ya je ganin mota. Tun 1981 kowace motar da ake sayarwa a ƙasar tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN, ana ganinta ta gilashin gaba wajen direba da kuma jikin ƙofarsa. Da wannan lamba kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck ke fitar da tarihin mota: mutum nawa suka mallake ta, a waɗanne jihohi aka yi mata rajista, ko ta taɓa haɗari, da abin da agogon nisanta ya nuna duk lokacin da aka kai ta gyara. Idan agogon ya nuna mil 140,000 shekara uku da suka wuce, yau kuma yana nuna 90,000, an taɓa shi. Mayar da agogo baya laifi ne a dokar tarayya, duk da haka hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, ta ƙiyasta cewa ana sayar da motoci sama da 450,000 a shekara da lissafin nisa na ƙarya. Da lambar ne kuma ake gane ko kamfani ya yi kiran a dawo da motar don gyara wani aibi kyauta, kamar yadda aka yi da jakunkunan iska na Takata, miliyoyi barkatai, waɗanda ke iya fashewa su watsa ƙarfe.

Takarda ta biyu ita ce shaidar mallaka da jiha ke bayarwa. Idan kamfanin inshora ya ga gyaran mota ya kusa kai kuɗinta, sai ya biya mai ita, a buga wa takardar tambarin cewa motar ta lalace, kuma tambarin na bin ta ko bayan an gyara. Irin wannan mota kuɗinta kan zube, bankuna kan ƙi ba da bashi a kanta, wasu kamfanonin inshora ma kan ja baya. Yawancinsu sukan ƙare a gwanjon Copart da IAA, kuma daga nan ne 'yan kasuwa ke sayen kaso mai yawa na motocin da ake lodawa zuwa Afirka ta Yamma. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, waɗanda da yawansu aka busar aka sake kai su kasuwa. Ke nan motar da aka yi wa kwaskwarima ta fito fes a filin dillalai na iya zama wadda kasuwar Amurka ta riga ta yanke wa hukunci. Sai dai tarihinta bai ɓace ba: mai saye a Katsina zai iya neman rahoton ta intanet da lambar nan, sau da yawa har hotunan motar ranar gwanjo, kafin hannun mai gyaran bodi ya taɓa ta.

A ƙasar Hausa mutum ake fara nema, ba takarda ba. Mai saye kan je da dillalin da ya sani da makanikensa, wani lokaci da ɗan'uwan da ya daɗe a harkar mota. Farashi ba a rubuce yake ba. Mai mota ya yi kuɗi, mai saye ya taya, a ce albarka, dillali ya shiga tsakani yana jan wannan gefe yana jan wancan, har a sallama, a cire la'ada, a rubuta takardar ciniki gaban shaidu. A Amurka ma ana ciniki, amma kowa na zuwa da ƙiyasin Kelley Blue Book, wanda ake fitarwa tun 1926, wasu manyan kamfanoni kamar CarMax kuma farashi ɗaya gare su, ba ragi. Takardar da ta fi damun mai saye a Najeriya ita ce ta kwastam. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga farkon 2017, kuma motar da ba a biya mata kuɗin fito daidai ba ana iya kama ta a hanya ko da ta sauya hannu sau uku. Tabbatar da takardar a ofishin kwastam kafin biyan kuɗi ya fi dogaro da rantsuwar dillali.

Duba lafiyar mota ma salo biyu ne. A Amurka mai saye kan biya garejin da ba ruwansa da cinikin, a ɗaga motar sama a leƙa ƙarƙashinta, a jona kwamfuta a ramin da ke ƙasan sitiyari, wanda doka ta wajabta wa kowace mota tun 1996. Makaniken gida ya fi dogara da kunne da hannu. Zai ce a bar motar ta kwana, don ya ji yadda injin ke tashi da sanyinsa. Zai zare sandar baƙin mai ya murza a yatsa, ya buɗe murfin lagireto ya ga ko mai ya haɗu da ruwa, ya tsaya bayan salansa yana duban kalar hayaƙi, ya bi bodi yana ƙwanƙwasawa don jin inda aka cika da ƙasa aka shafe da fenti. Wannan ƙwarewa ce ta gaske, amma ba ta kama komai. Ba ta nuna jakar iskar da ta fashe aka rufe gurbinta, ko fitilar gargaɗin da aka cire wa ƙwai. Gwaji mai sauƙi shi ne a murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba: dukkan fitilun gargaɗi su kama, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, akwai magana. Motar ambaliya kuwa ana gane ta ta hanyar ɗaga kafet, da jan bel ɗin kujera har ƙarshe, da leƙa ramin safaya, inda laka da tsatsa da warin danshi kan ɓuya.

Yanayi ma yana sauya abin da ake tsoro. A jihohin arewacin Amurka, irin su Mishigan da Ohayo da Niyok, ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarƙashin mota da bututun birki, shi ya sa motar Arizona ko Kalifoniya ta fi farin jini. A Sahel zafi da ƙura ne abokan gaba. Abin da ya kamata a matsa wa ido shi ne lagireto da fanka da famfon ruwa da na'urar sanyaya ciki. Dashbod na wasu Avalon na 2005 zuwa 2010 kan yi danƙo ya tsattsage a wuri mai zafi, har Toyota ta tsawaita garanti a kansa a Amurka. Akwai kuma al'adar cire tamastat da jona fanka kai tsaye da zarar mota ta sauka. Injin zamani an tsara shi ne ya yi aiki a wani mizanin zafi, idan bai kai ba sai kwamfutarsa ta riƙa ƙara masa mai, shan mai ya ƙaru.

Wajen zaɓen samfuri, Ba'amurke na da 'yanci fiye da Bahaushe, domin kayan gyaran Ford da Chevrolet da Buick suna ko'ina. Crown Victoria, mai injin lita 4.6, ta yi suna wajen juriya a hannun 'yan sanda da masu tasi, ko da yake wadda 'yan sanda suka yi aiki da ita ta sha tsayuwa injin na kunne, abin da agogon nisa ba ya ƙirgawa. A gida kuwa tambayar farko ita ce ko za a sami kayanta a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, ko Ladifo ta Legas, da kuma ko makaniken unguwa ya san cikinta. Nan ne Avalon ta yi wa sauran fintinkau, saboda tana tarayya da Camry da wasu Lexus a injin da kaya da yawa. Samfurin 1995 zuwa 2004 injin lita 3.0 gare shi, mai bel ɗin tayimin da ake sauyawa, kuma baƙin mai kan daskare a cikinsa idan ana jinkirin juye. Daga 2005 aka koma injin lita 3.5 mai sarƙa. Chrysler 300 ko Impala na iya zuwa da sauƙin kuɗi, amma ƙaramin abu zai iya ajiye ta makonni ana jiran saƙo daga waje. Araha ba ta ado.

Kuɗin riƙe mota ya bambanta fiye da kuɗin sayenta. A Amurka aikin makanike ne ke da tsada, awa ɗaya kan haura dala 100, ga inshorar da kusan kowace jiha ta wajabta, ga harajin ciniki, ga ruwan bashi ga wanda ya saya da rancen banki. A Najeriya yawanci kuɗi hannu ake biya, ladan gyara da sauƙi, inshorar dole ta motar gida kuma naira 15,000 ce a shekara tun farkon 2023. Fetur ne ke cin aljihu. Bayan cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma kai kusan 1,000 a ƙarshen 2024. A lissafin EPA, Crown Victoria ta shekarun ƙarshe na yin kimanin kilomita 7 da lita ɗaya a cikin gari, Avalon ta 2013 kimanin 9, mai haɗa fetur da batir kuma kusan 17. A cunkoson gari da na'urar sanyi a kunne, abin da ake samu kan gaza haka. Hanya ma tana da nata haraji: babbar salun doguwa ce kuma ƙasa-ƙasa, tudun rage gudu da ramukan damina suna gugar cikinta, suna kashe shokozoba da kayan ƙafa.

Bayan an biya kuɗi, kariyar da mai saye ke da ita ba ta da yawa a ko'ina. Tun 1985 dokar hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta wajabta wa dillalai liƙa takarda a gilashin motar hannu mai bayyana ko da garanti ko kuwa yadda aka gan ta haka za a ɗauka, amma dokar ba ta shafi mutumin da ke sayar da motarsa da kansa ba. A ƙasar Hausa fiƙihu ya ba mai saye damar mayar da haja idan aibin da aka ɓoye ya bayyana, sai dai a aikace hakan ya danganta da mutuncin dillali, da shugabannin kasuwa, da abin da aka rubuta gaban shaidu. Don haka mai neman motar hawan yau da kullum ya fi samun kwanciyar hankali idan ya haɗa tsarin biyu: ya karɓi lambar VIN ya binciki tarihi, ya tabbatar da takardar kwastam, ya kai motar wurin makaniken da ba ya cikin la'ada a duba ta da kunne da kwamfuta, ya hau ta a gari da babban titi, sannan ya ware wani abu daga kuɗinsa don juye da tayoyi da gyaran farko.