Shirun unguwa iri biyu ne

Duk dillalin da zai kai ka ganin ciki biyu da falo a Kano, tun kafin ya zura makulli a ƙofa zai ce maka, "Alhaji, unguwar nan ba hayaniya." Sau da yawa gaskiyarsa ya faɗa. Abin da ya rage wa mai neman haya shi ne ya tambayi kansa abin da ya kawo shirun, domin a nan alheri ko wahalar shekararsa take.

Shirun Nasarawa GRA tsari ne ya haife shi: filaye masu faɗi, manyan bishiyoyi, tituna da kwalta, kasuwa can nesa. Inda wuta take zama kuma, ƙarar janareta ba ta hana kowa barci, ko da yake a watan Afrilun 2024 masu rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, sun ga farashin wutarsu ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit. Wannan shiru ne mai tsada, amma ka san abin da ka saya. Ɗaya shirun shi ne na sababbin unguwannin gefen gari, inda gidanka yake tsakanin kangwaye biyu, ga tulin bulo da ciyawa ta rufe, ga layi babu fitila ko ɗaya. Nan babu hayaniya ne saboda babu mutane, kuma inda babu mutane babu mai jin ihunka da tsakar dare, babu maƙwabciyar da za ta leƙo idan naƙuda ta taso wa uwargida kana wajen aiki. Ruwa sai mai garuwa ya ga dama ya turo kurarsa cikin yashi, kuma nisan da ya sha kai za ka biya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin a-daidaita-sahu na kai yara makaranta da ɗauko su kaɗai na iya cinye rangwamen da aka yi murnar samu a kuɗin haya.

Wani zai ce kwanciyar hankali ba ta da farashi, wanda ya kwana kusa da injin niƙa ko gidan biki ne ya san daɗin shiru. Na yarda da shi ƙwarai, mai ƙananan yara ko tsohuwa marar lafiya yana da haƙƙin neman wuri mai natsuwa. Sai dai hankali ba ya kwanciya a gidan da motsin kyanwa kan rufi ke tashin mai gida zaune. Wani kuma zai ce idan wurin bai yi ba sai a tashi. Da wane kuɗi? A nan kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali da yawanci kashi 10 cikin 100 ce, wani wurin har da kuɗin lauya, kuma masu gida kaɗan ne ke mayar da abin da ya shiga aljihunsu.

Shi ya sa nake ganin zuwa ɗaya da hantsi bai isa a yanke shawara ba. A koma bayan sallar isha'i a ga sahu nawa aka yi a masallacin layin. A tambayi mai shayi ko akwai 'yan sintiri, nawa ake karɓa a wata. A duba gindin katanga, domin shatin ruwan daminar bara yana nan ko an shafe shi da fenti. A kuma tabbatar mitar kati ta gidan ce ita kaɗai, ba wadda ake rabawa da sashen baya ba.