Yini ɗaya a tsibirin Batmusa

Duk lokacin da aka buɗe Ru'ya ta Yohanna a taron matasa, tambayoyin ba sa wuce uku: wace ce dabbar, mene ne 666, yaushe duniya za ta ƙare. Da wuya a sami wanda zai tambayi inda aka rubuta littafin, da halin da marubucin yake ciki. Allah ya ba mu zarafi, mu kaɗan daga kwalejin tauhidi, muka yi yini guda a wurin. Sunansa Batmusa a Littafi Mai Tsarki, a takardar jirgi kuwa Patmos, ɗan tsibiri ne na ƙasar Girka a tekun Aijiyan. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 34 ba, mazaunansa kimanin dubu uku, ba shi da filin jirgin sama. Ta ruwa ake zuwa, ta ruwa ake komawa.

Jirginmu na yawon buɗe ido ne, ya fi ƙarfin tashar, saboda haka ya tsaya daga nesa, ƙananan jirage masu inji suka yi ta kwasar mu zuwa Skala, garin bakin ruwa. Yawancin fasinjoji suka shige motocin da ke jira, mu kuwa muka ce ba ma sauri. Muka zauna a wata rumfa muka sha kofi irin nasu, mai kauri, wanda garinsa ke kwantawa a gindin kofin. Wani dattijo yana gyaran komarsa, kyanwoyi suna zagaye shi. Gidaje farare fat, tagogi shuɗɗa. Ɗaya daga cikinmu ya yi dariya ya ce, ashe nan ne aka ga mahayan dawakai huɗu? Wurin ya fi kama da inda likita zai tura mai hawan jini.

Daga Skala zuwa Kora, tsohon garin da ke kan tudu, kimanin kilomita 4 ne ta hanyar mota. Akwai tsohuwar hanyar ƙafa da aka shimfiɗa da duwatsu, ita muka bi. A tsakiyar hawan ne kogon yake. Ana sauka ta matakala har cikin ɗan ɗakin sujada mai duhu, mai ƙamshin turare, rufinsa dutse ne wanda sai dogo ya sunkuya. Za a nuna maka tsaga mai rassa uku a dutsen, a ce daga nan muryar ta fito, a nuna maka wani gurbi da aka kewaye da azurfa, a ce nan Yohanna yake ɗora kansa. Mu malaman Littafi ne, dole mu faɗa muku cewa Nassi bai ambaci kogo ba. Abin da Yohanna ya rubuta a 1:9 shi ne yana tsibirin saboda maganar Allah da shaidar Yesu. Sauran al'adar ikilisiya ce, wadda ta ce an kore shi zuwa can a zamanin Domishiyan, Sarkin Roma, wajen shekara ta 95. Duk da haka muka yi shiru a ciki, domin wurin da masu bi suka shekara ɗaruruwa suna durƙuso ba wurin gardama ba ne.

Kora kanta lunguna ne matsattsu masu karkacewa, irin waɗanda ɗan birnin Zariya ba zai ɓata a cikinsu ba. A ƙwanƙolin tudun akwai gidan ibada na Yohanna, wanda wani mai bautar Allah, Kiristodulos, ya kafa a 1088. Ganuwarsa kamar ta sansanin soja, saboda 'yan fashin teku. A ma'ajiyarsa akwai wasu shafuka na Bisharar Markus tun daga ƙarni na 6, an rubuta su da ruwan azurfa a kan fata mai launin shunayya. A 1999 UNESCO ta sa gidan, da kogon, da tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai daga bakin ganuwar muka gan shi. Duk inda ka juya, ruwa ne. Ta arewa maso gabas, kimanin kilomita 100, Afisa take, a ƙasar Turkiyya ta yau, bayanta kuma Samirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadalfiya da Lawudikiya. Mutanensa ke nan. Ya san wace ikilisiya ce ƙaunarta ta yi sanyi, ya san wadda aka kashe mata Antifas, ya san wadda take fama da talauci. Ga su nan kusa, tafiyar da jirginmu yake yi cikin 'yan sa'o'i, amma ba dama ya je ya zauna da mai makoki ko ya tsawata wa mai ɓata koyarwa ido da ido. Fasto ne da aka raba da garkensa, katangar kuwa ruwa ce.

Muka buɗe littafin muna neman duk inda ya ambaci teku. Daga teku dabbar sura 13 ta fito. A sura 18 masu jiragen ruwa da matuƙansu ne suke tsaye daga nesa suna kuka saboda faɗuwar Babila, kuma jerin kayan cinikinta, wanda ya fara da zinariya da azurfa, ya ƙare da 'yan adam. A 21:1, cikin sabuwar sama da sabuwar duniya, abu na farko da ya lura babu shi, teku ne. A aji mukan koyar cewa teku a wurin Ibraniyawa alama ce ta hargitsi da mugunta, kuma haka ne. Amma mutumin da yake tashi kowace safiya ya tarar da ruwa tsakaninsa da waɗanda yake ƙauna yana da wani dalilin na murna da wannan aya.

Mu dai ruwan nan daɗinsa muka ji. Ga jirginmu can ƙasa, fari, mai hawa-hawa, abincin dare yana jira. Tsibiri bai zama kurkuku ba ga mai tikitin komawa a aljihu. Amma ba kowa ke cikin jirgin don hutu ba. Masu gyara mana ɗaki da masu kawo abinci, da yawa daga Filifin da Indonesiya, sukan yi watanni ba su ga iyalinsu ba. Wadda take kula da teburinmu ta nuna mana hoton ɗanta a waya, ta ce ya fara tafiya tana teku. Ranar kuwa ko sauka ba ta yi ba, aiki ya hana.

Ku ma kun san irinsu. Akwai ɗan'uwan da bautar ƙasa ta kai ƙauyen da ba majami'a, da 'yar'uwar da take makaranta inda ita kaɗai ce mai bi a ɗakin kwana, da iyalan da rikici ya kora daga garinsu, har yanzu suna sansani. Yohanna bai kira kansa manzo ba a 1:9. Ya ce shi ɗan'uwansu ne, abokin tarayyarsu cikin wahala da mulki da jimiri. Aya ta gaba kuma ta nuna yana sane da ranar Ubangiji. Ba ƙararrawa, ba ƙungiyar mawaƙa, ba wanda zai tambaye shi dalilin da bai zo sujada ba, amma bai bar kwanakin su cakuɗe masa ba. A ranar ne aka yi masa magana, abin da aka fara umartarsa kuwa shi ne ya rubuta ya aika wa ikilisiyoyin.

Da la'asar muka gangaro, muka wuce tsoffin injinan niƙa uku masu aiki da iska, muka sayi zuma da sabulun man zaitun don tsaraba, muka shiga ƙaramin jirgi na kusa da ƙarshe.

A taronmu na gaba za mu karanta sura 1 gaba ɗaya da murya, kamar yadda 1:3 ta nuna ana yi a ikilisiyoyin farko. Kowa ya zo da Littafinsa, da sunan mutum ɗaya daga zumuntarmu wanda yake nesa. Bayan addu'a za mu kira su ɗaya bayan ɗaya, don haka masu kati a waya su zo da shi.