Darussan da Na Koyo a Dandalin Ribadu

Adamawa United ta fi daɗewa a gasar NNL, wato rukuni na biyu, fiye da zamanta a babbar gasar ƙasar nan. Mu da ke bin ta a Jimeta mun saba da ƙwallon da ba a nuna ta a talbijin, a filin da ba don ita kaɗai aka tanada ba. Ni da na girma a gidan kallo ina gardama kan Arsenal, sai da na sake koyon kallo daga farko.

1. Filin kowa, sai an jira layi. A Dandalin Ribadu ake fareti, nan 'yan siyasa ke tara jama'a, nan ake rantsar da gwamna. Ƙwallo ɗaya ce daga cikin masu amfani da wurin, kuma ba ita ce babba ba. Na taɓa sauka daga Keke Napep da zumuɗin wasa, sai na tarar da rumfuna da lasifika da hotunan ɗan takara. Jita-jitar majalisa na bi ban tambayi kowa ba. Na tsaya na saurari jawabi kaɗan don kada mai keken ya gane asarar da na yi.

2. Abin da ya wuce ido ya wuce. Wata la'asar na juya ina cinikin rake, sai wuri ya kaure da ihu. An ci. Na ɗaga kai ina neman allon da zai maimaita mini, wani dattijo a gefena ya ce, “Malam, nan ba gidan kallo ba ne, sai dai a ba ka labari.” Aka kuwa ba ni, da Hausa da Fillanci. Wani ya ce da ka aka saka ta, wani ya rantse gola ne ya sake ta, na uku ya ce satar gida ce amma tunda tamu ce a yi shiru. Har yau ban san yadda ƙwallon nan ta shiga ba, ga shi kuma na sha bayar da labarinta kamar a gabana aka yi.

3. Mai zaune a inuwa ya fi kowa iya gudu. Ƙarfe huɗu ake take wasa, kuma a Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40. Na daɗe ina kiran 'yan wasan nan ragwaye, alhali ni daga bakin titi zuwa ƙofa nakan shanye ledar ruwa.

4. Ba kowace addu'a ce ke zuwa yadda ka tsara ta ba. Shekara da shekaru muna roƙon ƙungiyar ta hau sama. A 2019 ta hau, tare da Jigawa Golden Stars da Warri Wolves da Akwa Starlets. Murna ba ta gama sauka ba muka ji cewa a filin Pantami na Gombe za ta riƙa karɓar baƙi. Wasan gida ya koma na kuɗin mota, a bi ta Numan a yi tafiyar sa'o'i. Pantami ya fi namu tsari, ba gardama, amma hanyar tsere ta raba 'yan kallo da fili, ihunka kan gaji kafin ya isa kunnen alƙalin wasa. Korona ta tsayar da kakar a Maris 2020 muna can ƙasan teburi, aka ce ba wanda zai faɗi, muka tsira ba da ƙwazonmu ba. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka tare motar ƙungiyar a hanyar Benin zuwa Ore tana kan hanyar Legas, suka tafi da direba. Ranar na fara lissafin abin da ɗan wasa ke ratsawa kafin ya taɓa ƙwallo. A ƙarshen wannan kaka Akwa United ta ɗauki kofi, mu muka koma NNL. Na yi baƙin ciki a bainar jama'a kamar kowa, amma ban kai yadda na nuna ba.

5. Zagi a ƙaramin fili yana da adireshi. Ɗan wasan Turai ba ya jin abin da kake faɗa masa daga benci a Jimeta. Na nan yana ji. Wani mai tsaron baya ya yi sake aka ci mu, na miƙe na ce ya koma gona. Matar da ke sayar da gyaɗa a bayana ta taɓa ni ta ce, “Ɗan yayata ne, kuma gonar ma yana zuwa.” Na sayi gyaɗar da ban yi niyya ba, ta ƙirga canjina tsaf ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.