Mun Fita da Littafi da Biro



A zangon da ya wuce malamin da ke kula da ƙungiyarmu ta 'yan jarida ya ba mu aiki: mu shiga gari mu tambayi mutane abin da ya fi damunsu, sannan mu duba wanda ɗalibi zai iya taɓawa da hannunsa. Da farko mun ɗauka wasa ne. Wa ke cikin Sabon Birni ko Isa da bai san amsar ba? Da yawanmu muna firamare a watan Mayun 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 70 a Garki da ƙauyukan da ke kusa da ita. Mun tuna 2021, da aka rufe layukan waya, har yayyenmu na zuwa bakin iyaka neman sabis na Nijar. Akwai 'yan ajinmu da danginsu ke gudun hijira a Gidan Rumji, cikin jihar Maradi. Muka ce ai tsaro ne, mu rubuta mu dawo.

Haka kuwa aka yi a kwana biyun farko. Mai shayi ya ce tsaro, direban mota ya ce hanya, wani manomi ya yi maganar harajin da ake aza wa ƙauyuka kafin a bar su su yi shuka. Duk gaskiya ne, kuma duk sun fi ƙarfinmu.

A rana ta uku muka shiga wani kango inda matan da suka baro ƙauyukansu ke zaune. Muka durƙusa muka gaida wata tsohuwa. Ta dubi littafin da ke hannunmu ta ce, "Ɗiyana, ku ma rubutu kunka zo yi? An rubuta sunana har na gaji, ban ga komi ba."

Kunya ta kama mu. Ɗayanmu ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, mu 'yan makaranta ne, ba mu da abin rabo." Ta yi dariya. Sai ta nuna jikarta da ke kankare tukunya, yarinyar da ba za ta wuce shekara goma ba. Ta ce tana aji uku aka rufe makarantar garinsu, yanzu ko sunanta ta mance yadda ake rubutawa. "In da gaske kukai, ku da kunka iya, ku koya mata."

A hanyar dawowa sai da muka yi gardama. Wasu suka ce wanda bai ci abinci ba ina shi ina karatu, gara mu haɗa kuɗi mu sayi gero. Ba su yi ƙarya ba. Amma da muka lissafa kuɗin tararmu, ko tiya biyu ba za su saya ba, kuma cikin kwana ɗaya za a cinye. Karatu kuwa muna da shi kullum, ko da na wasunmu sai a hankali.

Yanzu sati biyar ke nan muna zuwa kangon ranar Asabar da Lahadi, daga hantsi zuwa azahar, da iznin shugaban makaranta da mai unguwa. Abin bai tafi sumul ba. Ranar da ake aikin gona yara kan watse, su bi iyayensu ƙwadago. Biyu daga cikinmu sun daina zuwa. Allo kuma murfin tsohuwar ƙofa ne muka shafa wa gawayi. Jikar Inna dai ta dawo da sunanta, sai harafi guda da take juyawa baya har yanzu.

Abin da ya rage mana shi ne kayan rubutu da hannu. Mun ajiye kwali a ƙasan wannan allo. Duk mai tsohon littafin da ya rage shafi ko guntun fensir ya saka a ciki. Muna kuma neman 'yan mata uku daga manyan azuzuwa, domin iyaye mata sun ce sun fi sakewa in mace ce ke koya wa 'ya'yansu mata.