Takardar da Ba Mu Taɓa Rubuta wa Baba Maigadi Ba

Ranar da dattawan ikilisiyarmu a Kaduna suka ɗora mini aikin magatakarda, abin da aka miƙa mini shi ne makullan ofis, da hatimi, da wani kwalin madara cike da takardu. Ni akanta ne, kuma a wurin aikina ko kwabo ba ya fita sai mutum uku sun sa hannu, don haka na ɗauka mako biyu zai ishe ni in daidaita kwalin. Na tarar da rasit ɗin simintin ginin da aka gama tun ina sakandare, da sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, da littafin baiko mai rubutun hannu kala huɗu. Abu ɗaya na nema na rasa: takardar ɗaukar aiki ta ko da mutum ɗaya cikin mutum bakwai da muke biya duk ƙarshen wata. Masu gadi biyu, direba, mai shara, malamai uku na makarantar yara. Ban da fastoci, su takardunsu suna hannun gunduma.

A Amurka, manyan majami'u suna da wani muƙami da babu irinsa a tsarinmu. Fasto ne na biyu wanda ba a ɗauke shi don wa'azi ba. Aikinsa ma'aikata, da kasafin kuɗi, da gine-gine, da dokokin ƙasa. Muƙamin ya yaɗu ne tare da majami'un da masu bincike ke kira manya-manya, wato masu tara mutum 2,000 zuwa sama a mako. Babban fasto yana kan bagadi, shi kuwa wannan yana ofis: shi ke ɗauka, shi ke sallama, shi ke cewa kuɗin bana ba za su kai ba. Mu a Arewa, a ikilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan, irin su ECWA da ta tsaya da ƙafafunta a 1954 da hedikwata a Jos, an raba wannan kaya ne tsakanin limami, da dattawa, da magatakarda, da ma'aji, kuma ban da limamin duk aikin sa kai muke yi. Tsarin ya dace da ikilisiyar da dukiyarta ƙararrawa ce da bencina. Amma tamu ta birni yau tana da makaranta, da bas, da janareta, da shaguna biyar na haya. Ƙaramin kamfani ne, ana gudanar da shi daren Talata, bayan kowa ya taso daga aiki a gajiye. Na san yawancin masu karanta wannan shafi Musulmi ne. Wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci ko na Islamiyya ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A shekarata ta biyu idon Baba maigadi ya soma yana. Wata rana aka wayi gari babu batirin janareta, bayan wata guda kuma jarkar gas biyu suka bi shi. Babu wanda ya zargi Baba da sata, gani ne kawai ba ya yi. Dattawa suka yanke a ba shi hutu, a yi masa addu'a a gaban jama'a ranar Lahadi, a ba shi turmin atamfa na iyali da ɗan abin sa wa aljihu. Na tambaya nawa yake bin mu. Ɗakin ya yi tsit. Ba wanda ya san shekarar da ya fara. Wani ya ce shekarar da iska ta kwashe rufi, wani ya ce a'a, zamanin faston da ya rasu. Shugabar Zumuntar Mata ce ta raba gardamar da aka aika aka tambaye ta: ta ce lokacin rikicin Kaduna na 2000, wanda ya ci rayukan Musulmi da Kirista, yana nan, domin da kowa ya watse shi kaɗai ya kwana a bakin ƙofar.

Na koma gida na buɗe dokoki, ina tsammanin zan sami abin kafa hujja. Sai na tarar doka ta wanke mu. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Abin da muke ba Baba bai kai rabin haka ba. Dokar fansho ta 2014, wadda ta ce mai aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba 8, ta wajaba ne a kan mai ma'aikata 15 zuwa sama. Mu bakwai gare mu. Da na faɗa wa ma'aji, ajiyar zuciya ya yi. Ban ga laifinsa ba, shi ne ya san abin da ke asusu.

Akwai wata magana da ake rufe bakin irin wannan tambaya da ita a wurinmu: aikin Ubangiji ne. Ban ce ƙarya ce ba. Amma na lura ba a taɓa faɗa wa mai sayar da siminti ita, ko mai tayil. Waɗanda ake faɗa wa su ne 'yan gida, masu jin nauyin su nemi haƙƙinsu a gidan Allah.

Na sami Rabaran a gidansa da yamma, na je da zafina. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ɗaga kai ka dubi rufin nan. Na wa ne?" Na ce, "Na ikilisiya ne, Baba." Ya ce sau bakwai aka yi masa canjin wurin aiki, kowane wuri a gidan fasto ya zauna, shekara biyar ta rage masa ya yi ritaya, kuma ko fili bai mallaka ba. "Ba ƙin Baba nake yi ba. Ban taɓa ganin yadda ake yi ba ne." Na je neman mai laifi, na tarar abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. An koya masa tauhidi da wa'azi da ziyarar marasa lafiya, ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake lissafin kuɗin sallama ba, kuma bai kamata a ce nasa ne ba.

Nawa ne. Tun watan farko na tsara takardar ɗaukar aiki a kwamfutata, shafi ɗaya. Na bar ta a nan wata ashirin, don kada a ce ɗan boko ya shigo da tsarin kamfani cikin ikilisiya. A watannin nan kuwa na rubuta wasiƙa goma sha biyu ta neman gudummawar sa wa majami'a tayil, kuma babu wadda ta kwana a tebur.

Abin da ya ba ni ƙarfin komawa gaban dattawa daga cikin Littafin namu na same shi. A Ayyukan Manzanni sura 6, tsarin gudanarwa na farko a ikilisiyar Urushalima daga ƙorafi ya fito: masu jin Helenanci suka ce ana tsallake matansu da mazajensu suka rasu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi haƙuri ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, abin da ya sa masana da yawa ke ganin daga ɓangaren masu ƙorafin aka ɗauko su. A 2 Korantiyawa sura 8 kuma, Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba, sai tare da wani da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu. A harshen sana'ata, sa hannu biyu ke nan.

Wannan zaɓen da jama'a ke yi shi ne abin da nake jin tsoron mu yar idan muka kwaikwayi Amurka ido rufe. Majami'ar Mars Hill ta birnin Siyatil tana da ma'aikata da ofisoshi da manyan masu gudanarwa, duk da haka ta rushe a ƙarshen 2014, bayan babban fastonta Mark Driscoll ya yi murabus a Oktoba. Cikin abin da ya fito fili har da kashe kuɗin majami'a don tura littafinsa jerin waɗanda suka fi kasuwa. Masu gudanarwa suna nan, amma iko ya taru a hannun mutum kaɗan da ke kewaye da shi. Tambayar da zan yi wa duk ikilisiyar da ke shirin ɗaukar mai gudanarwa na cikakken lokaci, kuma ina ganin namu na birni sun kai lokacin, ita ce: wa yake ba wa rahoto? In wanda zai iya korarsa shi ne wanda ya kamata ya ce wa a'a, to an ɗauki ɗan aike ne mai albashi. Da aka yi dokar kamfanoni ta 2020, wadda sashenta na 839 ya ba hukumar rajistar kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya, ƙungiyar CAN ta tayar da jijiyar wuya, kuma na fahimci tsoron hannun gwamnati. Sai dai da wuya ka hana baƙo leƙa ɗakin da kai kanka ba ka share ba.

Zama uku muka yi. Na nemi albashin wata ɗaya a kan kowace shekara, aka tsaya a rabin wata, a biya kashi huɗu. Zumuntar Mata ta ɗauki nauyin aikin idonsa tun kafin mu gama gardama. Sauran shida suka karɓi takardunsu, aka kuma buɗe musu asusun ajiya da ma'aji ba zai taɓa shi kaɗai ba. An ɗage tayil ɗin gefen mawaƙa zuwa baɗi, kuma akwai dattijo ɗaya da har yau gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana.

Ni na kai wa Baba takardarsa a gida. Ya sa jikarsa ta karanta masa sau biyu. Da ta kai wurin shekarar fara aiki sai ya ɗaga hannu. "Magatakarda, ba daidai ba ne. Damina biyu na yi a ƙofar nan kafin rikicin." Na ce, "Baba, kuna da wata shaida?" Ya yi dariya, ya ce ai ni ne mai takardu.

Na sa shekara biyun a jerin abin da dattawa za su duba ranar Talata mai zuwa, lamba ta huɗu, bayan batun gyaran bas.